Wayar da Na Ƙulla a Jitar Kawu

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru, ni mai gyaran rediyo da lasifika ne a Bodinga, ina da 'yar rumfa kusa da inda motocin Sakkwato ke lodi. Shekaruna ba su kai talatin ba, amma kaina ya riga ya kumbura. Rediyon da ya gagari wasu, in aka kawo mini, sai ya yi magana kafin mai shi ya gama shan furarsa. Mutane suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, alhali ko ƙofar makarantar lantarki ban taɓa takawa ba. Shekara huɗu na yi a hannun wani dattijo a Sakkwato, na baro shi tun bai sallame ni ba, wai a ganina na gama kwashe abin da ke kansa. Ba na son a gyara mini aiki, kuma in abu ya ƙi ni, sai na yi masa dabara ko ta halin ƙaƙa. Na rubuto ne don akwai irina da yawa a bakin kasuwanninmu.

Ina da kawu a Shagari, ƙanin mahaifiyata, wanda bai fi shekara goma ya ba ni ba. Manomi ne, gero da damina, albasa da rani, amma abin da aka san shi da shi kiɗan molo ne. Wata shekara ya tafi cin rani Nijar, ya zauna da Buzaye, ya dawo da ciwon jitar lantarki a zuciyarsa. Matsalar ita ce Kawu bahago ne. Duk jitar da ya ara ta masu dama ce, sai ya kifa ta, maɓallanta su riƙa tokare masa hannu. Da ya gaji, sai ya samo wuyan wata karyayyar jita, ya kai wa kafinta a Shagari, aka sassaƙa masa gangar jiki da icen maɗaci daidai da hannunsa, aka rarake gurbin kayan wuta. Ya cuso ta a buhun taki, ya hau a-daidaita har rumfata. Ya ajiye ta a kan teburina yana dariya, ya ce ga gawa nan ya kawo, saura in hura mata rai, tunda an ce ni Injiniya ne. Ban taɓa buɗe cikin jita ba a rayuwata, amma na ce masa wannan ai aikin kwana uku ne.

Mako uku na yi a kanta. Jitar lantarki ba ta da ƙara ta kanta. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke jin motsin tsirkiya ya tura wa amfilifaya, na'urar da ke ƙara masa ƙarfi ya fito ta lasifika. Guda biyu na yi da hannuna, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyin ke hawa a kansa. Wayar na warwaro ta daga cikin tsofaffin kayan rediyo, siririya kamar gashi, na riƙa naɗa ta da keken ɗinkin telan da ke maƙwabtaka da ni. Sau nawa tana tsinkewa ina sakewa, telan yana yi mini tsiya wai na koma koyon saƙa. Na sa maɓalli biyu, ɗaya na ƙarar sauti, ɗaya na taushin murya, da makunni mai hawa uku don zaɓen maɗaukin da ake so. Sannan na ja waya daga ƙarƙashin jaki na haɗa da bayan maɓallan, kamar yadda na ga ana yi a bidiyo a wayar salula. Ku riƙe wannan, don nan maganar take: da wannan wayar, tsirkiyoyin nan shida sun zama haɗe da ƙarfen jikin amfilifaya ta igiyar da ke tsakaninsu. Duk abin da ya hau jikin amfilifaya, ya hau hannun mai kiɗa.

Ranar da na jona ta da wata tsohuwar amfilifaya da na gyara wa Kawu, ta yi magana, kuma wallahi muryarta da daɗi. Sai dai a ƙarƙashin muryar akwai wani ƙugi mai ban haushi, wanda ko ba a taɓa tsirkiya ba yana nan yana gurnani. Kawu ya zo ya ji, ya ɓata fuska. Ya ce an gayyace shi biki a Mandera nan da kwana biyar, ya riga ya cika baki cewa da jita zai zo, kuma ba zai tsaya gaban mutane da abin da ke kuka kamar injin niƙa ba. Yanzu na san dalilin ƙugin. Wayoyin da na sa a ciki tsirara suke ba masu riga ba, gurbin ban lulluɓe shi da komai ba, dalmar da na ɗiga a bayan maɓallan ba ta kama sosai ba, kuma rumfata, kamar yawancin gidajenmu, ba ta da wayar ƙasa, wadda ke janye wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa. Gyaran gaskiya shi ne in warware komai in sake. Amma in warware aikin mako uku a gaban tela da masu shayi? Ina! Girman kai ya hana ni.

Sai na tuna wata dabara ta 'yan gyaran rediyo. Wutar gida waya biyu ce, ɗaya mai wuta, ɗaya marar wuta. Na buɗe amfilifayar, na ɗauki 'yar guntuwar waya da ba ta kai tsawon yatsa ba, na ƙulla ƙarfen jikinta da wayar da ba ta da wuta. Ƙugin ya ragu ƙwarai, har na tafa wa kaina. Na san sarai cewa in aka juya fulogin, mai wutar ce za ta hau jikin amfilifaya. Don haka na ɗiga jan fenti a gefe ɗaya na fulogin, na ce a raina ai ni zan jona da hannuna, in duba da abin gwaji. Kawu ban gaya masa komai ba. Ya rungumi jitarsa yana sa mini albarka, ya ce lallai uwata ta haifi ɗa.

Ranar bikin an yi ruwa da hantsi, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Muka isa Mandera bayan azahar, aka shigar da ni zaure aka ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kaza. Ina can ina zuba loma, mai janareta ya ga fulogina bai shiga soket ɗinsa ba. Bai yi wata-wata ba ya kwance shi, ya cusa wayoyin biyu tsirara, ya tokare su da tsinken tsintsiya, yadda kowa ke yi. Da na fito na ji jita na tashi tangaram, jama'a sun yi da'ira. Na hango fulogina mai jan fenti yashe a ƙasa, gabana ya faɗi. Kawu ya matso kusa da ni ya raɗa mini cewa tsirkiyar tana ɗan cizonsa. A nan ne ya kamata in tsayar da komai. Amma na dubi taron, na dubi yadda ake nuna ni ana cewa ga wanda ya haɗa ta, sai na ce masa ba komai, damshi ne. Takalmin roba ne a ƙafarsa a lokacin, shi ya sa abin ya tsaya a cizo.

Bayan la'asar dattawan gari suka fito, aka shimfiɗa musu tabarmi. Kawu mutum ne mai ladabi, ba zai yi kiɗa gaban manya da takalmi ba. Ya tuɓe su ya ajiye gefe, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa da tafin ƙafarsa, ya rusuna ya kwashi gaisuwa, sannan ya miƙe ya damƙi wuyan jitar da hannun dama. Abin da na gani ba zan manta ba har in mutu. Jikinsa ya sandare, wuyansa ya karkace, lasifika ta saki wata irin ƙara. Hannun ya ƙanƙame tsirkiyoyin ya ƙi saki. Wasu ma sun ɗauka salo ne, har wata mata ta rangaɗa guɗa. Ni kaɗai na san abin da ke faruwa. Na ruga na fizge wayoyin daga soket, Kawu ya zube a cikin taɓo. Da aka buɗe tafinsa, tsirkiyoyin sun zana masa layi-layi a yatsu, fatar ta yi fari, ƙaurin na tashi.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Aka kai shi asibiti, ya yi kwanaki, aka sallame shi. Amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, sauran ma ba ya jin su sosai. Hannun dama ne fa, da shi yake danna tsirkiya, da shi yake cin abinci, da shi yake gaisawa da mutane. Kafin ya dawo gida magana ta riga ta zaga Shagari cewa jifa aka yi masa, wai wani makaɗin kalangu da aka saba gayyata a Mandera ne ya ji haushi. Wasu suka ce icen maɗacin ne mai iska. Babu wanda ya kawo sunana, sai ma yaba mini da ake yi wai na ceci ransa. Ni kuwa na yi gum. Wata biyu cur ina zuwa gaishe shi da lemo da ayaba, ana cewa ɗa na gari, ina amsawa.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da na tarar ya sa an rataye molonsa a rumbu, jitar kuma an jefa ta bayan ɗaki cikin buhunta. Ya ce shi da kiɗa har abada, tunda abin ya kai ga neman rai. Likita ya ce masa ya riƙa motsa yatsun kullum ko za su saki, amma ya ƙi, ya ce motsa su don me. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar bai yi wa wani tsiya ba, ya koma zaman bakin ƙofa yana kallon hanya. Mahaifiyata ta dawo daga duba shi tana share hawaye, ta ce ƙaninta yana nan da rai amma ba shi ba ne. A ranar na gane cewa wutar ta ƙone masa yatsu biyu ne kawai, sauran kuwa shirun da na yi ne ke cinye shi. Muddin ya yarda jifa ne, ba zai sake taɓa tsirkiya ba. Na yi alkawari tsakanina da Allah cewa sai Kawu ya sake kiɗa, ko da sunana zai ɓaci daga Bodinga har Sakkwato.

Na ɗauko jitar da amfilifayar na ce zan adana masa. Ban tsaya rumfa ba, na hau mota sai wurin tsohon maigidana, wanda rabona da shi tun da na gudu. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na zayyana masa komai ban rage ba. Ya buɗe amfilifayar, ya ga guntuwar wayar, ya daɗe yana kallonta. Ban taɓa jin zagi mai sanyi irin na ranar ba. Ya ce abin da na yi tarko ne na ɗana wa ɗan'uwan uwata, kuma da ya san haka zan yi da abin da ya koya mini, da tallan goro ya tura ni. Na haɗiye, don gaskiyarsa ce. Sannan ya miƙo mini almakashi ya ce in yanke ta da hannuna.

Kwana goma sha biyu ina zirga-zirga tsakanin Bodinga da Sakkwato, rumfata a rufe. Na warware duk abin da na yi a cikin jitar, har maɗaukan sautin. Ɗaya na sake naɗa shi ta baya, na juya maganaɗisunsa, yadda in an haɗa su biyu ƙugin ɗaya zai kashe na ɗayan. Na lulluɓe gurbin da fallen tagulla, na sa waya mai riga, na goge bayan kowane maɓalli har ya yi ƙyalli kafin in ɗiga dalma. Sau uku dattijon yana ja da yatsa ya ce ba ta kama ba, sau uku ina sakewa. Tsakanin jaki da sauran wayoyin ya sa na saka wani ɗan abu da ke barin ƙugi ya wuce amma ya tare wuta mai ƙarfi. Amfilifayar muka sa mata fulogi mai ƙafa uku, muka ƙera mata turken ƙarfe da doguwar waya, wanda za a riƙa kafawa a ƙasa duk inda za a yi kiɗa. Da muka kunna, na kara kunnena a lasifika, ban ji komai ba sai da na taɓa tsirkiya.

Aikin hannu ya ƙare, saura mai wuyar. Na tafi Shagari da hantsi, na roƙi mahaifiyata ta biyo ni, na kuma sa aka kira maƙwabta biyu da suka fi kowa yaɗa zancen jifa. Na durƙusa gaban Kawu na ce masa babu wanda ya jefe shi, kuma icen ba shi da iska. Na ajiye guntuwar wayar a kan tabarmarsa, na bayyana yadda na ƙulla ta, da yadda na ga fulogi a ƙasa, da yadda ya ce tana cizonsa na ce damshi ne. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya ɗauki wayar da hagunsa, ya jujjuya ta.

"Wagga 'yar abu?" in ji shi. "Kuma ka sani tun ranar?"

Na ce na sani.

"Ka bari ina zagin bawan Allah cikin raina wata biyu. Yatsun ban jin zafinsu kamar wanga. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi, amma ban bar garin ba. Da yamma na je gidan makaɗin kalangun na nemi gafararsa, ya ce shi dama ya bar wa Allah. Washegari na dawo ƙofar Kawu, ya ƙi fitowa. Na sake dawowa jibi, da gata. Matarsa ma ta gaji da ni, ta ce in ƙyale shi ya huce. A zuwa na biyar na zo da aron janareta. Na kafa turken a tsakar gidansa, na kwara bokitin ruwa a ƙasa, na tuɓe takalmina na tsaya a cikin taɓon. Na jona wayoyin, na damƙi tsirkiyoyin shida da hannuna. Sannan na kashe, na juya wayoyin kamar yadda aka yi a Mandera, na sake kunnawa na sake damƙa. Ban iya kiɗa ba, don haka na yi ta bugun tsirkiya ɗaya kamar mai korar tsuntsaye a gona. Na fi rabin awa a haka, ƙafafuna sun yi sanyi, na ƙudura ba zan daina ba sai ya fito ko man janareta ya ƙare.

Can sai labulen ɗakinsa ya motsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana harara ta.

"Kai, ka ishe mu. In kashe ta za ka yi, kawo ta nan ta mutu hannun mai ita."

Na miƙa masa. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan tsirkiya ya janye da sauri, ya sake ɗorawa. Sautin farko da ya fitar ya karkace, na biyu ma haka. Ya zauna a kan turmi ya ci gaba, bai sake kallona ba. Na juya bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Yau Kawu yana kiɗa, ana gayyatarsa har Danchadi da Bodinga, kuma duk inda za shi ni ke kafa masa turke in gwada wuta kafin ya taɓa. Ya yafe mini, har ya koma yi mini tsiya, sai dai bai ƙara kirana Injiniya ba, ni ma na hana kowa. Da magana ta fita, masu kawo mini gyara sun ragu na wani lokaci, ban ga laifinsu ba. Yatsun nan biyu kuwa ba su miƙe ba, kuma likita ya ce da an fara motsa su da wuri da wataƙila an samu ɗaya. Wata biyun da na yi ina kai lemo da ayaba su suka tafi da shi.

'Yan'uwana masu gyara, ku ji tsoron Allah a kan wayar ƙasa. Kada ku taɓa ƙulla jikin na'ura da wayar wutar gida don kashe ƙugi, komai matsin da mai kaya ya yi muku, domin ba ku san soket ɗin da za a cusa ta gobe ba, ba ku san ƙafar da za ta taka ruwa ba. In ba ka iya abu ba, ka ce ba ka iya ba, ka je ka tambayi wanda ya fi ka. In mai kaya ya ce yana jin cizo, kashe komai a take, ko gaban wa ake. In kuma ta riga ta faru, ka faɗi gaskiya a ranar, kada ka jira kamar ni. Makaɗa da masu riƙe makirufo, ku ma in ƙarfe ya cije ku ko kaɗan, ku ajiye shi. Kawu da yatsu biyu yake danna jitarsa yanzu, kuma in ya zo wani wuri a cikin kiɗan da sai da ƙaramin yatsa ake kaiwa, sai ya tsallake ya rufe da murya. Jama'a ba su lura, suna ta rawarsu. Ni ina tsugune gefen amfilifaya, kuma duk tsallaken da ya yi ina jin sa.